Me ya sa masu gidajen jaridu suke yi wa juna faɗan ko-a-mutu-ko-a-yi-rai?

Tambaya: Malam, ina nazarin tarihin aikin jarida, kuma duk inda na buɗe sai in tarar da attajirai biyu sun sa zare: Pulitzer da Hearst a Amurka, Murdoch da Maxwell a Ingila. Wani lokacin asarar da suke tafkawa ta fi abin da suke faɗan a kansa. Kuɗi suke nema, ko mulki, ko kuwa girman kai ne kawai? Kuma da gaske Hearst ne ya jefa Amurka cikin yaƙi da Sifaniya don ya sayar da jarida?

Amsa: Ɗan'uwa, girman kai kam akwai shi, har ya yi yawa. Amma idan daga nan ka fara, ba za ka gane abin da ya sa mutanen da suka fi kowa iya lissafin kuɗi suke ƙona dukiyarsu da idonsu biyu ba. Ni kaina sai da aka ɗauke ni daga ɗakin labarai aka kai ni ɓangaren talla da rarraba jarida na gane cewa faɗan a jinin sana'ar yake. Ko waliyyai ka danƙa wa gidajen jaridun, sai sun ɗan taɓa.

Ga yadda lissafin yake. Kwafin farko shi ke cinye kuɗin: albashin wakilai da editoci, kuɗin aiko da labari daga nesa, injin bugawa, ginin da aka girke shi. Daga kwafi na biyu har zuwa na miliyan, takarda da tawada da kuɗin mota kawai kake ƙarawa. Sannan jarida sau biyu ake sayar da ita. Da safe ka sayar wa mai karatu takarda, sau da yawa a ƙasa da abin da ka kashe a kanta. Sai ka juya ka sayar wa mai talla shi kansa mai karatun. A ciniki na biyun ribar take. Shi kuwa mai talla bai san adalci wajen rabo ba. A ce jarida ɗaya na da kashi 60 na masu karatun gari, ɗayar na da 40. Ba haka zai raba kuɗinsa ba, zai zuba mafi yawa ga ta gaba, ya yayyafa wa ta baya abin da ya rage. Ta gaba ta samu kuɗin ƙara shafuka da ɗaukar ƙwararru, masu karatu su ƙaru, talla ya ƙaru. Ta baya ta rage shafi, ta sallami ma'aikata, masu karatu su gudu, talla ya bi su. Na sha ganin wakilin kamfanin talla ya shigo, ya buɗe takardar alƙaluman ciniki, ya ɗora yatsa a kan lambar da ta fi girma, kafin kujerar ta yi ɗumi ya tashi. Bai taɓa tambayar wa ya fi iya rubutu ba. A wannan kasuwa zama na biyu mutuwa ce, sai dai a hankali take zuwa. Shi ya sa asarar shekara uku ba ta firgita su, muddin suna ganin a ƙarshe abokin hamayya ne zai rufe ƙofa.

Riƙe wannan a ranka, mu duba Pulitzer da Hearst.

Joseph Pulitzer baƙo ne daga ƙasar Hangari. Ya sauka Amurka a 1864 ba ko sisi, Turancin ma da ƙyar, ya shiga sojan Arewa a yaƙin basasa. A birnin St. Louis ya koyi aikin jarida, a 1878 ya haɗa jaridu biyu suka zama Post-Dispatch, a 1883 kuma ya sayi New York World daga hannun Jay Gould a kan dala 346,000, lokacin tana sayar da kwafi wajen 15,000 kacal. Abin da ya gano shi ne garin cike yake da baƙin haure da leburori waɗanda babu jaridar da ke magana da su. Sai ya ba su kanun labarai masu ɗaukar ido, zane-zane, labarin kisa da na gobara, tare da tonon asirin masu gidajen haya da 'yan siyasa maciya amana. A 1885 da aka rasa kuɗin gina dandamalin da za a ɗora gunkin 'yanci da Faransa ta ba Amurka, World ta buɗe asusu, ta yi alkawarin buga sunan duk wanda ya ba da ko santi ɗaya. Aka tara sama da dala 100,000. Ka lura da dabarar: duk wanda ya ba da gudummawa sai ya sayi jarida ya ga sunansa.

William Randolph Hearst kuwa ɗan gata ne. Mahaifinsa George Hearst ya yi arziki a haƙar ma'adinai, ya zama sanata. An kori yaron daga Jami'ar Harvard, ya karɓi San Francisco Examiner daga hannun uban a 1887, ya kwaikwayi World tun daga kai har ƙafa. A 1895 ya shigo New York ya sayi Journal a kan dala 180,000, da dukiyar mahaifiyarsa a bayansa. Abin dariyar, ƙanin Pulitzer mai suna Albert shi ya kafa wannan jaridar tun farko.

Hearst bai zo da sabuwar dabara ba, aljihu ya zo da shi. Yana sayar da Journal santi 1, World tana santi 2. A farkon 1896 ya kira Morrill Goddard, editan World ta ranar Lahadi, ya saye shi da dukkan ma'aikatansa. A ina aka ƙulla cinikin? A ofishin da Examiner take haya a cikin benen World ɗin kanta. Mutanen Pulitzer suka ƙara kuɗi, ma'aikatan suka dawo, washegari Hearst ya sake ƙarawa suka koma. Pulitzer, wanda a lokacin idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, yana tafiyar da jaridar daga nesa ta hanyar saƙonni, ya fusata ya mayar da World santi 1. Ciniki ya ƙaru, riba ta zube, kuma duk garin ya gane cewa tsohon zaki ya ji tsoro. A ƙarshen shekarar Hearst ya ɗauke Richard Outcault, mai zanen barkwancin nan na wani yaro mai aski ƙwal da doguwar riga ruwan ɗorawa. Pulitzer ya sa George Luks ya ci gaba da zana yaron a World, aka wayi gari yaro ɗaya yana fitowa a jaridu biyu masu gaba da juna. Daga launin rigar yaron nan aka raɗa wa irin aikin nasu suna, aikin jarida mai ruwan ɗorawa, sunan da har yau ake jifan jaridar ƙarya da zuzutawa da shi.

Akwai wani ɗan labari da nake so saboda yana nuna ƙanƙantar faɗan idan ka matso kusa. A 1898 mutanen Journal suna zargin World tana kwafe musu labaran fagen daga. Sai suka ƙirƙiro wani kanar ɗan ƙasar Ostiriya, Reflipe W. Thenuz, suka ce ya mutu a Kyuba. World ta ɗauka ta buga kamar wakilinta ne ya aiko. Ashe sunan tarko ne: idan aka juya haruffan, da Turanci yana cewa “muna satar labarai”. Journal ta shafe kwanaki tana yi musu ba'a, har da kiran a gina wa marigayi kanar hasumiyar tunawa. Manyan mutane ke nan, masu da'awar wayar da kan al'umma.

Sai maganar yaƙi. A taƙaice, a'a, Hearst bai haddasa shi ba, ko da yake ya so a ce shi ne. 'Yan Kyuba sun fara tawaye ga Sifaniya tun 1895. Janar Weyler ya tattara mutanen karkara a sansanoni inda yunwa da cuta suka kashe dubun-dubata. Amurkawa na da jari mai yawa a gonakin rake na tsibirin, kuma a Washington akwai irin su Theodore Roosevelt da suka daɗe suna son ƙasarsu ta miƙe ƙafa a teku. Ranar 15 ga Fabrairu 1898 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Havana, mutum fiye da 260 suka mutu. Ba tare da wata hujja ba Journal ta ce aikin abokan gaba ne, ta sa ladan dala 50,000 ga wanda ya tona masu laifin. Binciken da Admiral Rickover ya jagoranta a 1976 ya karkata ga cewa daga cikin jirgin fashewar ta taso, wataƙila daga gobara a rumbun kwal. Don haka laifin ƙarya da hura wuta yana kansu, Hearst da Pulitzer duka. Amma jaridu biyu na birni ɗaya ba su ne suka kaɗa ƙuri'a a majalisa a watan Afrilu ba.

Shahararren saƙon nan da ake cewa Hearst ya aika wa mai zane Frederic Remington a Kyuba, wai “kai dai kawo hotuna, ni zan kawo yaƙin”, ka ajiye shi gefe. Mutum ɗaya ne tushensa, wakilin Hearst mai suna James Creelman, wanda ya rubuta shi a 1901, alhali yana Turai lokacin da ya ce abin ya faru. Ba a taɓa ganin takardar ba, Hearst ya musanta, kuma layin tangarahon Havana a hannun masu tace saƙo na Sifaniya yake. Abin da yake tabbas shi ne bayan an fara yaƙin Journal ta riƙa tambayar masu karatu a shafin farko ko yaƙin Journal ya yi musu daɗi. Ita ta jingina wa kanta yaƙin don ciniki, masu sukarta suka karɓe mata don su samu abin zagi, ƙaryar ta zauna daram saboda ta yi wa kowa amfani.

Jaridun biyu sun haura kwafi miliyan a rana lokacin yaƙin, kuma dukansu asara suka yi, don hayar jiragen ruwa da kuɗin tangaraho da bugu na musamman sau da yawa a yini sun lashe komai. To wa zai biya? Yaran da ke tallan jarida a titi suna sarin ɗauri mai kwafi 100 a kan santi 50, su sayar santi ɗai-ɗai. Da yaƙi ya zo aka mayar da ɗaurin santi 60. Yaran ba su damu ba don jarida na tafiya kamar ruwa. Yaƙi ya ƙare, sauran jaridu suka koma 50, World da Journal suka ƙi. Yi lissafin yaron: in ya sayar da duka ya tashi da santi 40, in kwafi 20 suka kwana a hannunsa ya tashi da 20, domin ba a karɓar kwantai. A watan Yuli 1899 yaran suka shiga yajin aiki na mako biyu, suka riƙa tare motocin rarraba jarida suna yayyaga ta, cinikin World ya faɗi da fiye da rabi. A ƙarshe farashi bai sauka ba, amma kamfanonin suka yarda su riƙa karɓar abin da bai sayu ba. Abin lura a nan, mutum biyun da ba sa ga-maciji, a kan santi 10 na yaran titi bakinsu ɗaya ne.

Kuma wanda ya ci ribar faɗan yana gefe yana kallo. A 1896 Adolph Ochs, wani mai ƙaramar jarida daga Chattanooga, ya karɓi New York Times tana gab da mutuwa. Ba shi da kuɗin hayar jirgi zuwa Kyuba, sai ya mayar da rashin nasa ado: jarida mai natsuwa, ta mutanen da ke jin kunyar a gan su da World ko Journal. A 1898 ya sauke farashi daga santi 3 zuwa 1, cikin shekara ɗaya ciniki ya tashi daga wajen 26,000 zuwa 76,000. World ta mutu a 1931, 'ya'yan Pulitzer suka je kotu aka warware wasiyyar da ta hana sayar da ita. Times har yau tana hannun zuri'ar Ochs.

Lissafi ya bayyana yadda faɗan ke farawa, amma bai bayyana abin da ya sa mutum mai jarida 10 yake neman ta 20 ba. A nan mulki ya shigo. Hearst fadar shugaban ƙasa yake hange. Ya shiga majalisar wakilai a 1903, ya nemi tikitin jam'iyyar Democrat a 1904 bai samu ba, ya nemi magajin garin New York a 1905 ya faɗi da ƙuri'u kaɗan, ya nemi gwamna a 1906 Charles Evans Hughes ya kayar da shi, ya sake neman magajin gari a 1909 ya sake faɗuwa. Ya ɗauka duk wanda ya ba shi santi ɗaya da safe zai ba shi ƙuri'a. A 1936 jaridunsa da mafi yawan manyan jaridun ƙasar suka yi wa Franklin Roosevelt taron dangi, mutumin ya lashe jihohi 46 cikin 48. Shekara ɗaya bayan haka bashi ya ci ƙarfin Hearst, aka karɓe ragamar kuɗin kamfanin daga hannunsa aka ba wani amintacce, aka shiga gwanjon kayan tarihin da ya tara.

A Ingila wasan ya fi fitowa fili. Alfred Harmsworth, wanda ya zama Lord Northcliffe, ya kafa Daily Mail a 1896 a kan rabin peni, ya kafa Daily Mirror a 1903, ya sayi The Times a 1908. Da ya rasu a 1922 ƙaninsa Lord Rothermere ya gaji Mail, ya tarar da Lord Beaverbrook, ɗan Kanada mai Daily Express, yana jiransa. Suna gasa a kasuwa, amma a 1930 suka haɗa kai suka kafa jam'iyya don su tumɓuke Stanley Baldwin daga shugabancin jam'iyyar Conservative. Rothermere har wasiƙa ya rubuta cewa ba zai goyi bayan Baldwin ba sai an nuna masa sunayen manyan ministocin da zai naɗa. Baldwin ya karanta wasiƙar a bainar jama'a. A watan Maris 1931, ana saura kwana biyu zaɓen cike gurbi a Westminster, ya tsaya ya ce abin da masu jaridun nan suke nema shi ne iko ba tare da ɗaukar alhaki ba, gatan da karuwa ta saba da shi tun fil azal. Ɗan takararsa Duff Cooper ya ci zaɓen, maganar tumɓuke shi ta mutu. Beaverbrook bai taɓa ɓoye manufarsa ba. A 1948 ya faɗa wa hukumar binciken jaridu cewa don farfaganda kawai yake tafiyar da Express. Rothermere kuwa a Janairu 1934 ya sa Mail ta yi wa 'yan fasist na Oswald Mosley jinjina, tabon da har yau ake goranta wa jaridar.

A wannan zamanin ne aka yi gasar da ta fi kowace ban takaici a wurina. Jaridun Landan suka daina gasar labari suka koma gasar kyauta. Ana tura mutane gida-gida, in ka yi rajista a ba ka inshora kyauta, ko butar dafa ruwa, ko kyamara. A 1933 Daily Herald, jaridar ma'aikata da ke hannun Julius Elias, ta ce duk mai karatunta zai samu littattafan Dickens 16 a kan sule 11. Abokan hamayya suka fito da nasu a kan sule 10. Herald ta riga kowa kai wa kwafi miliyan 2. Amma ga gyaran da zan yi wa lissafin da na ba ka da farko: mai talla ba kawuna kawai yake ƙirgawa ba, yana leƙa aljihu. Masu karanta Herald leburori ne da 'yan ƙwadago, ba masu sayen mota ba. Ta rufe a 1964 tana sayar da sama da miliyan a kullum. Aka sake mata suna The Sun, ta ci gaba da zubar da jini, har wani saurayi daga Ostireliya ya zo ya ɗauke ta.

Rupert Murdoch ke nan, kuma zaren bai yanke ba, don mahaifinsa Keith Murdoch a gindin Northcliffe ya koyi sana'ar. Uban ya rasu a 1952 ya bar masa ƙaramar jarida a Adelaide. Robert Maxwell kuwa sunansa na yanka Jan Ludvik Hoch, Bayahude daga wani ƙauyen talakawa a gabashin Cekoslobakiya, 'yan Nazi suka hallaka mafi yawan danginsa. Ya yi yaƙi a rundunar Birtaniya har ya samu lambar jarumta, ya yi arziki da buga mujallun kimiyya a kamfaninsa Pergamon, ya zama ɗan majalisa na Labour a 1964. Abu ɗaya ya rage masa, babbar jarida a Landan.

A ƙarshen 1968 Maxwell ya taya jaridar News of the World, mai sayar da kwafi sama da miliyan 6 duk Lahadi. Iyalan Carr da ke riƙe da ita suka ƙi jinin a ce baƙo ya karɓe ta, editansu ya rubuta sharhi mai warin ƙabilanci yana tuna wa mutane asalin Maxwell. Sai suka jawo Murdoch ya cece su, ya yi alkawarin barin Sir William Carr a kujerar shugaba. A taron masu hannun jari na 2 ga Janairu 1969 Murdoch ya yi nasara. Kafin shekarar ta raba tsakiya Carr ya sauka. Sun gudu daga kura sun faɗa bakin zaki. A shekarar dai Maxwell ya nemi The Sun, ƙungiyoyin ma'aikata suka ƙi shi don ya ce zai rage mutane, Murdoch ya same ta a kan fam 800,000. Duba dalilinsa, lissafin nan ne dai: injinan News of the World dare ɗaya suke aiki a mako, sauran kwana shida suna zaune. Ya ƙanƙance shafin The Sun, ya cika ta da wasanni da tsegumi da hotunan mata, a 1978 ta wuce Daily Mirror. A 1981 ya sayi The Times da Sunday Times, nan ma Maxwell na cikin masu nema. A 1987 ya sake riga Maxwell sayen jaridar Today.

Maxwell ya samu tasa a 1984, ya sayi rukunin Mirror a kan fam miliyan 113, duk da cewa tun 1971 masu binciken gwamnati sun rubuta cewa ba mutum ne da za a amince wa ya riƙe kamfanin jama'a ba. Ya mayar da jaridar madubin kansa, hotonsa a shafi bayan shafi, amma bai kamo The Sun ba. Daga nan ya koma duk inda Murdoch ya taka sai ya taka. A 1988 Murdoch ya kashe kusan dala biliyan 3 a kan kamfanin da ke buga TV Guide, Maxwell ya kashe biliyan 2.6 a kan kamfanin littattafai na Macmillan. Murdoch ya taɓa mallakar New York Post, Maxwell ya karɓi New York Daily News a 1991. Duka da bashi.

Kada ka ɗauka ɗaya mai hankali ne ɗaya mahaukaci. A ƙarshen 1990 Murdoch ma ya leƙa ramin: bashin sama da dala biliyan 7, bankuna fiye da 100, har wani ƙaramin banki a Pittsburgh ya kusa rusa daular kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya cece shi, yana da jaridu masu zubo kuɗi na gaske, kuma kuɗin daga Wapping suka fito. A Janairu 1986 ya kwashe jaridunsa huɗu cikin dare ya kai su sabuwar maɗaba'a mai aiki da kwamfuta a unguwar Wapping da ke gabashin Landan, wadda ya ce wa ƙungiyoyin ƙwadago wai don wata sabuwar jaridar yamma ya gina ta. Ya kori ma'aikata kusan 6,000 da suka shiga yajin aiki, ya daina aika jarida ta jirgin ƙasa ya koma manyan motoci, aka shekara ana artabu da 'yan sanda a bakin ƙofa, ƙungiyoyin suka sha kaye. Gaskiya ita ce tsofaffin ƙungiyoyin ma sun yi wa sana'ar kama-karya, amma wannan bai rage wa wanda ya rasa aikinsa raɗaɗi ba. Maxwell ba shi da irin wannan rijiya, sai ya sa hannu a asusun fanshon ma'aikatansa yana tallafar farashin hannun jarinsa. Ranar 5 ga Nuwamba 1991 aka tsinci gawarsa a teku kusa da tsibiran Kanari, ya faɗo daga jirgin ruwansa. Makonni kaɗan bayan haka aka gano sama da fam miliyan 400 sun ɓace daga kuɗin tsufan dubban mutane.

Inda Murdoch ya fi na gabansa wayo shi ne bai taɓa tsayawa takara ba. Ya gane abin da Hearst da Beaverbrook suka kasa ganewa: jarida ba ta iya ba ka ƙuri'ar mutane, amma tana iya sa ɗan siyasa ya ji tsoronka, tsoron nan kuma ana canza shi ya zama kuɗi. Cinikin The Times na 1981 ba a miƙa shi ga hukumar hana babakere ba, sai a 2012 takardun Margaret Thatcher, firaministar wancan lokacin, suka nuna cewa ita da Murdoch sun ci abinci tare a Chequers, gidan hutun firaminista, ana tsakiyar maganar. Bayan zaɓen 1992, wanda jam'iyyar Conservative da ta mara wa baya ta lashe, The Sun ta buga a shafin farko cewa ita ta ci zaɓen. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Tony Blair, shugaban jam'iyyar Labour a lokacin, bai tsaya gwadawa ba: a 1995 ya tashi takanas har tsibirin Hayman a Ostireliya ya yi wa manyan kamfanin Murdoch jawabi, a 1997 The Sun ta goya masa baya. Ni a ganina Murdoch ya fi ƙwarewa wajen hango wanda zai ci ya tsaya kusa da shi, sannan a ce shi ya kawo shi. A gaban kwamitin Leveson a 2012 ya ce bai taɓa roƙon wani firaminista komai ba. Mai yiwuwa ne. Kura ta san gidan mai babbar sanda. Wannan kwamitin kuwa an kafa shi ne bayan an gano ma'aikatan News of the World suna kutsawa cikin saƙonnin wayar mutane, har da na wata yarinya da aka kashe, abin da ya sa aka rufe jaridar a Yuli 2011 bayan shekara 168. Matsin a riga abokin hamayya samun labari ne ya kai su can, irin wanda ya sa World ta kwafi mutuwar kanar ɗin da bai taɓa rayuwa ba.

Idan kana mamakin me ya sa ba ka ganin irin wannan faɗan a kan jaridar takarda yanzu, koma kan ciniki na biyun nan. Mai talla ya tattara ya koma Google da Facebook, inda ake nuna masa ainihin mutumin da yake nema ba sai ya sayi garin gaba ɗaya ba. Kamfanin New York Times ya sayi Boston Globe a kan dala biliyan 1.1 a 1993, ya sayar da ita dala miliyan 70 a 2013. A shekarar ce Jeff Bezos ya sayi Washington Post a kan dala miliyan 250 daga aljihunsa, kuɗin da bai kai ya tashe shi daga barci ba. Kamfanin Hearst yana nan da ransa a hannun amintattun iyali, yana da jaridu har yanzu, amma cikin manyan kadarorinsa a yau akwai Fitch, mai auna ƙarfin ƙasashe da kamfanoni wajen biyan bashi, da kaso a tashar wasanni ta ESPN.